Hoton da Ya Jawo wa Gidan Kakata Katafila

"Kango ne, Dervla. Ki daina ce masa gida, kina sa ni ciwon kai."

"Mami, yana da rufi, yana da ƙofa, yana da taga. Me kuma ake nema a gida?"

"Mutane," ta ce, ko juyowa ba ta yi ba. "Miƙo min gwangwanin nan."

Tana tsaye a kan kujera da tsohuwar rigar Baba a jikinta, ta ɗaure kanta da ledar burodi don kada fenti ya taɓa gashin da aka gyara mata a Westport. Wannan ne karo na biyu da take shafe bangon kicin. Fentin farko ta ce ya yi kama da na asibiti, wannan kuma tun bai bushe ba ta fara harararsa.

Ranar Juma'a mai zuwa layin Stations zai zagayo gidanmu. Fada zai zo ya yi mana addu'ar Mas a cikin gida, duk mutanen ƙauyenmu Kilteera su hallara, a ci a sha. Sai an yi shekaru kafin layin ya sake zagayowa kan gida, kuma duk macen da ya faɗo kanta sai ta ɗan zautu. Mami ta wanke labule, ta wanke kare, ta bi duwatsun bakin hanya ɗaya bayan ɗaya tana shafa musu farar ƙasa. In ka daɗe tsaye wuri guda, kai ma sai ta shafe ka.

"Duk wanda zai zo gidan nan sai ya wuce ta gaban wancan abin," ta ci gaba. "Fada zai wuce. Bernie Hession za ta wuce, da idanun nan nata da ba sa barin komai."

"Tun kafin a haife ni suke wucewa ta gabansa, Mami."

"Da can ai duniya ba ta gan shi ba! Yesu, Maryamu da Yusufu, ubanki da igiya a ƙugu kamar wanda ba shi da mata!"

To, kun ji inda maganar take komawa kullum. Waɗanda suka daɗe suna karanta ni sun san zancen hoton, amma bari in faɗa saboda sababbi.

Sunana Dervla Tuohy, sana'ata ɗaukar hoto. Ba hoton biki ba, hoton ƙasa: tsaunuka, katangun dutse, tsofaffin gidaje, da yadda haske ke faɗowa kan fadama in ruwa ya ɗauke. A Galway nake zaune, na dawo gida bara da aka yi wa Baba aikin ƙugu, da niyyar in yi wata guda. Ga ni har yau. Yayana Donal yana Ostareliya, sai dai ya turo hotonsa a bakin teku yana yashe baki, maganar dawowa kuwa ko da wasa. Shi ke nan gona da shanu da duk burin Mami suka tattaru suka dawo kaina.

Gidan da muke rigima a kansa na Kaka Nonie ne, mahaifiyar Baba. Yana bakin titi, daidai inda hanyar gidanmu ta fara hawa tudu. Ɗaki biyu ne, rufin ciyawa, da jar ƙofa mai hawa biyu, wadda ake buɗe samanta a bar ƙasan a rufe saboda kaji. Tun da Kaka ta rasu ba wanda ya ƙara kwana a ciki, buhunan abincin shanu kawai Baba ke ajiyewa.

Wata safiya cikin bazara, yayyafi ya ɗauke, rana ta fasa gajimare ta zubo kan rufin nan har ya koma ruwan zuma. Baba yana jingine da rabin ƙofar da tsohon kwat ɗinsa na aiki, wanda ya ɗaure da shuɗiyar igiyar ɗaurin ciyawa, Tip karenmu yana kwance a ƙafarsa. Ban ma yi tunani ba, hannuna ne ya ɗauka. Ban taɓa yin hoto irinsa ba, kuma ban san ko zan ƙara ba. Na sa a shafina, na rubuta sunan ƙauyenmu a ƙasa, don ina alfahari da shi. In wannan laifi ne, ku gaya min.

Kafin in ankara hoton ya bar hannuna. Motocin haya suka fara tsayawa a bakin hanyarmu. Amurkawa masu neman asalin kakanninsu suna leƙa taga, suna ɗaukar hoto a bakin ƙofa. Wata ta tare Mami ta tambaye ta ko tsohon nan na cikin hoto yana da rai. A shagon Hession kuwa sunan Baba ya koma Tauraro. "Tauraro, jarida za a ba ka ko sai ka rattaba mana hannu a jikinta?" Baba ya yi murmushi ya wuce, Mami kuwa ta dawo gida ta buɗe kabad tana nuna min kwat-kwat ɗinsa masu kyau kamar ni ce alƙali.

Sai ranar Lahadin da ta wuce, wasu baƙi suka shiga gona ta bayan gidan don su samu hoto daga sama, suka fita suka bar get a buɗe. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san get yadda ka same shi haka za ka bar shi, amma su ina suka sani? Muna cikin coci sai muka ji kukan shanu. Namu ne, sun bi titi sun shiga maƙabarta suna cin furannin da aka ajiye wa mamata. Karsana guda ta yanke ƙafa a jikin ƙarfe. Fintan Garvey ne ya fita tsakiyar huɗuba da farar rigarsa ya kore su gida, ya dawo taɓo har wuya.

Fintan kuma. Hmm.

Wayata ta yi ƙara a aljihu, na ajiye gwangwanin na duba. Kamar ya san ana tunaninsa.

"Kina gida?"

"Ina zan je? An naɗa ni mai riƙon gwangwani."

"Ki ajiye min kek. Ina zuwa da albishir."

"Na me?"

Sai ya turo fuskar nan mai kashe ido ɗaya, ya sauka.

Gonarsu manne take da tamu, katangar dutse guda ce tsakani. Dogo ne, jan gashi, kunnuwansa sun ɗan fita kamar hannun tukunya, in ya ji kunya su ne ke fara yin ja. Ba zan ɓoye muku ba, ina son sa. Tun ranar bikin 'yar gwaggona da ya taka min ƙafa sau ba adadi yana ba ni haƙuri, zuciyata ta ƙi komawa inda take. Amma ban taɓa faɗa a gaban Mami ba, don in ta ji, kafin gari ya waye ta kama otal ɗin biki. Ita in za ta yabe shi ba ta maganar hali ko kyau. "Gonarsa duk a bakin titi take, Dervla," haka take cewa, har da lumshe ido.

Na haura sama na cire rigar da ta sha fenti, na sa koriyar rigar sanyina mai dogon wuya, na taje gashi, na ɗan goga jan baki na sake gogewa don kada ya yi yawa. Ba don shi ba ne. Kun ji ko? Ba don shi ba.

Ya shigo ta ƙofar baya, ya cire takalman roba a bakin ƙofa, babban ɗan yatsansa yana leƙowa ta hujin safa.

"Sannu da aiki, Breda. Kicin ɗin nan sai ka ce fadar bishop."

"Zauna, ɗan albarka, zauna. Dervla, zuba masa shayi. Ba wannan kofin ba, na baƙi!"

Ya cinye yanka biyu na kek ɗin tuffa kafin ya share baki ya dube ni yana murmushi.

"Kawu Packie ya ba ni aron katafilarsa. Yau da yamma zai kawo. Gobe kafin ku gama karin kumallo an gama da tsohon gidan. Jibi a kwashe duwatsu, gata a zuba tsakuwa, ranar Juma'a mutane su samu wurin ajiye mota."

Butar shayin tana hannuna. Allah ne ya taimaki cinyarsa.

"Wurin ajiye mota," na maimaita.

"Na ɗan lokaci ne ai, daga baya kuma..."

"Wa ya tambaye ni?"

"Gidanki ne da za a tambaye ki?" Mami ta cafe. "Ubanki ya yarda, ni na yarda, yaron kirki ya kawo taimako. Godiya ce ta rage."

Na dire butar har murfin ya yi tsalle, na zura takalmina na fita. Ina jin Mami tana cewa, "Bi ta, bi ta, halin dangin ubanta ne, yanzu za ta huce."

Ya cim mini a tsakiyar hanya, yana tafe yana gyara takalmi ɗaya da bai shiga daidai ba.

"Dervla, tsaya mana. Ƙafafunki gajeru amma sai sauri."

"Kada ka yi min wasa, Fintan, ba na cikin yanayin."

"Ni fa na ɗauka za ki yi murna."

"Murna? Ka taɓa ganin abin da nake ɗauka a hoto kuwa? Ko hotunan da nake turo maka ba ka buɗewa?"

"Ina buɗewa. Duk ina ajiye su." Kunnuwan suka fara. Ya ciro waya, ya goge fuskarta a ƙirjinsa, ya miƙo min. "Duba wannan."

Hoton gida ne irin na zamani, fari fes, rufin baƙin allo, da wata ƙatuwar taga tun daga ƙasa har sama.

"Nan za a kafa shi, daidai tsakanin gonarku da tamu. Tagar nan arewa za ta kalla. Kin taɓa ce min hasken arewa ya fi kowanne, ba ya ƙarya. Ɗakin aikinki ke nan. Ga ɗumi ta ƙarƙashin daɓe, kyamarorinki ba za su yi danshi ba."

Masu karatu, ku gaya min yadda mutum zai yi. Maganar da na faɗa masa tun hunturu, a cikin mota, ina tsammanin hankalinsa yana kan rediyo, ashe ya riƙe. Wani abu ya narke a ƙirjina, a lokaci guda kuma na ji kamar in jefa wayar cikin kwata.

"Fintan Garvey, aurena kake nema ko fili kake sharewa?"

Ya sosa ƙeya. "Duka biyun ba za su yiwu ba?"

"Ka yi magana da kawunka. Ka yi da Mami. Ka yi da Baba. Ina jin har Tip ka shawarta. Ni kaɗai ce ban sani ba, ni da za a saka a bayan tagar kamar fure a kwalba!"

"So na yi in ba ki mamaki."

"Ka ba ni. Sannu da ƙoƙari."

Na wuce shi na gangara. Saman jar ƙofar a buɗe yake, Tip yana kwance a dokin ƙofa. A ciki na tarar da Baba zaune kan buhu a gaban murhu, yana kwance ƙarfen da Kaka ke rataya tukunya. Ya riga ya fitar da buhunan waje, ya sauke hoton Yesu daga bango, wurin ya bar farin tabo mai kusurwa huɗu. Warin danshi da tsohuwar toka ya cika ɗakin.

"Baba, da gaske ka yarda?"

Bai ɗago ba. "Riƙe min nan, ya yi tsatsa."

Na riƙe. Fintan ya tsaya daga bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai saboda tsayinsa.

"Baba, wannan gidan ya girmi cocinmu. Kakanka ne ya ɗauko duwatsun nan a bayansa. Irinsa nawa suka rage a yankin nan? Mutane suna tsallako teku don su gan shi, mu kuma za mu mayar da shi wurin ajiye motar Bernie Hession!"

"A wancan lungun aka haife ni," ya ce a hankali. "Ni da 'yan'uwana muna kwana gado ɗaya, wannan kai nan wancan ƙafa nan. In an yi ruwan dare uwata ta bi ɗaki da kwanoni tana tara. Ƙanwata Peig ta yi tari hunturu guda cur, bazara ba ta same ta ba. Ke haske kike gani in kin dubi gidan nan, 'yata. Ni sanyi nake tunawa."

Ban taɓa jin ya ambaci Peig da bakinsa ba.

"Hoton dai ya yi kyau," ya ƙara. "Kare ya fi kowa fitowa."

"To so kake a rushe?"

Ya daɗe yana juya ƙarfen a hannunsa. "Abin da nake so daban, abin da ke akwai daban. Fintan, nuna mata."

Fintan ya shigo ya ɗora tafinsa a bangon baya. Ko ni na gani, bangon ya turo ciki kamar mai juna biyu. Ya miƙa hannu sama ya taɓa itacen rufi, yatsansa ya nutse.

"Wata rana ɗan wani zai hau nan don a ɗauke shi hoto," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ba mugunta ba ce, Dervla."

Abin da ya fi ƙona min rai ke nan, gaskiya ya faɗa. Da ƙarya ce da na samu abin kamawa.

"A gyara mana! Kai ba ka iya ginin dutse ba? Rabin katangun Kilteera hannunka ne."

"Ko na gyara bana, baɗi ya koma. Gidan da ba kowa ba ya gyaruwa."

"Wuta ce," in ji Baba. "Irin gidajen nan wuta ce ransu. Hayaƙi ke riƙe ciyawar rufi, ɗumi ke busar da bango. Uwata tun da aka kawo ta amarya ba ta bari wutar murhun nan ta mutu ba. In za ta kwanta ta rufe garwashi da toka, da safe ta tone ta hura. Ranar da muka kai ta maƙabarta muka dawo muka tarar murhu ya yi sanyi. Tun daga ranar gidan ya fara binta."

"Da a ce akwai mai zama a ciki fa?"

"Da wata maganar ake yi. Packie Garvey ba zai ɗora haƙorin katafilarsa a gidan da hayaƙi ke fita ba, ko Fada ne ya sa shi. A ƙasar nan masu filaye sun taɓa fitar da kakanninmu daga gidajensu, aka rushe rufi a kan idonsu. Ba wanda zai yarda a ce shi ne ya sake." Ya ɗaga kafaɗa. "Amma wa zai zauna a nan? Ba famfo, ba lantarki, sai ɓeraye."

Yana kallon ƙasa ya faɗa. Sai dai na rantse muku na ga gefen bakinsa ya motsa.

Na tsaya ina kallon ɗakin. Akwai abin da ban gaya wa kowa ba, har ku: niyyata da an gama Stations in tattara in koma Galway. Ƙawata ta ajiye min ɗaki, da ruwan zafi, da gidan shayi a ƙasan bene, ba mai tambayata yaushe zan yi aure. Ga shi nan kuma ana nuna min ɗakin da naman kaza ya tsiro a kusurwarsa. Na tsani sanyi. Na tsani ɓera fiye da sanyi. Na tuna kyamarorina da yadda danshi ke cin gilashi. Na ce a raina, Dervla, ki yi hankali, hoto kika ɗauka, ba alkawari ba.

Sai muka ji rugugin babbar mota tana rage gudu a titi.

Muka fito. Kawu Packie ne, da hular ulu da sigari a baki, katafila ruwan ɗorawa tana ɗaure a bayan motarsa, hannunta a naɗe. Ya leƙo ta taga.

"Ina Tauraro? A ina zan sauke muku amaryar?"

Ga Mami kuma tana gangarowa da bokitin farar ƙasa, ledar burodin tana kaɗawa a kanta, fuskarta kamar an ce Donal ya dawo.

"Packie, sannu da hanya! Sauke ta nan gefen katanga. Dervla, matsa mana, kin tsaya a hanya kamar gunki."

Ban matsa ba. Na dubi Fintan, ya dube ni, kunnuwansa kamar garwashi. Ina jin ya gane tun kafin in buɗe baki, don na ga ya girgiza kai kaɗan, irin na don Allah kada ki yi.

"Baba, ba ni ashanarka."

Ya laluba aljihun kwat, ba gardama, ya ajiye min a tafi.

"Ashanar me?" in ji Mami. "Mossie, ashanar me ka ba ta?"

Na ɗaga murya yadda har Kawu Packie zai ji duk da ƙarar injin.

"Mami, yau zan sauko da katifata da bargona. Daga yau nan ne gidana, kuma ranar Juma'a in Fada ya zo wucewa zai ga hayaƙi." Bokitin ya suɓuce daga hannunta, farar ƙasa ta malale a kan takalman Fintan. Na juya gare shi. "Kai kuma, gobe da safe za ka same ni a ciki na ɗora shayi. In da katafila ka zo, sai ka fara ta kaina. In kuwa ni kake so, Fintan, ka zo da tsani mu gyara rufi."